Bikon Amaryar Ƙanƙara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ajiye zafi a wani gefe sanyi a wani gefe, ya kuma raba wauta ga bayinsa bai tsallake kowace al'umma ba. Ku matso, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa yanzu. Ni ne Arzika ɗan Korau, mutumin Rafin Gawo, wanda ake wa laƙabi da Mai-Biko. Abin da zan faɗa idona ne ya gani, wanda bai yarda ba hanya tana nan, tafiyar wata bakwai ce kacal.

Sana'ata ita ce in matar mutum ta yi yaji ta tafi gidansu, ni ake aikawa in dawo da ita. Ba ni da laya, ba ni da asiri. Dabarata ɗaya ce: in shimfiɗa buzuna a ƙofar gidan iyayenta in zauna. In an kawo tuwo in ci, in an kawo fura in sha, tsakanin wannan da wancan in yi ta magana ba numfashi. Wadda ta fi kowa taurin kai kwana tara ta yi, shi ma ubanta ne da kansa ya ɗauko mata kayanta, don ya leƙa rumbunsa ya ga abin da ya rage. Biko tis'in da tara na yi ba wanda ya sha mini kai, kuma ba na ɓoye muku, girman kai ya shige ni.

Ran nan da tsakar bazara sai ga wani ƙato ya yi sallama, yana sanye da fatun tumaki har bakwai, gumi na zuba daga gemunsa. Ya ce sunansa Ƙosau, shi ne Sarkin Wuta na Birnin Tsumayi, can bayan duwatsun arewa.

Ya ce, "Malam Arzika, matar Sarkinmu ce ta yi yaji."

Na ce, "Ƙaramin abu. Kwana nawa?"

"Shekara goma sha biyu."

Na gyara hula. "To, gidan iyayenta da nisa?"

"Ai ba ta kai ba tukuna. A hankali take tafiya."

"Gurguwa ce?"

"Subhanallahi! Kama bakinka."

"Jiki gare ta ke nan?"

Ya kau da kai ya ce, "Alhamdulillahi."

Ni kuwa da cikon ɗari ke mini ƙaiƙayi, ban ƙara tambaya ba. Na naɗe buzu, na ɗauki sanda, muka kama hanya.

Wata biyar muna tafiya ba abin faɗa sai kumburin ƙafa. A na shida muka shiga wani fili ba iyaka, a cikinsa ga manyan duwatsu zazzaune ɗai-ɗai, kowane ya kai masallacin Juma'a, kuma ba irin dutsen ƙasar ba ne. Na ce wa ya kawo su? Ƙosau ya ce, "Ita. Tun ba a yi mutane ba ta taɓa zuwa nan, ba ta tarar da miji ba ta koma. Waɗannan tarkacen kayan ɗakinta ne da ta zubar." Gaba kaɗan muka tarar da tafkuna a jere, ya ce sawun ƙafarta ne. Muka shiga wani kwari mai faɗi, gindinsa a shafe kamar akushi, bangayensa duk ƙarce, ya ce ƙugunta ne ya buɗe dutsen da za ta wuce. Na ce zan zaga bayan gari, nufina in arce, sai na tarar ba garin balle bayansa.

Sanyi kuwa, kada Allah ya nuna muku. Wata safiya na yi atishawa rabin gemuna ya karye ya faɗi. Da muka iso wani tafki da ya daskare Ƙosau ya ce mu taka, na ce ni ba waliyyi ba ne da zan yi tafiya a kan ruwa. Ya yi lallashi na ƙi, ya yi faɗa na ƙi. Ƙarshe ya zaunar da ni a kan buzuna, ya ɗaura masa igiya ya ja ni har gaci, ina salati yana zagina.

Birnin Tsumayi gari ne mai kyau, in ban faɗa ba na zalunce su. Alkama ko'ina, tumaki masu ƙiba, iska mai daɗi na sauka daga dutse. Ba su san rijiya ba, kuma ruwan sama ba ya kula su sai abin da ba a rasa ba. Kogi ɗaya gare su, fari kamar an dama nono, shi suke sha, shi gonakinsu ke sha. Sarkinsu Tambaza dogon mutum ne mai sanyin murya, idanunsa sun yi ja don damuwa. Ban ko huta ba ya kama hannuna ya ce in zo in gan ta.

Muka bi kogin muka yi sama, ba mu yi nisa ba. Sai kwarin ya toshe.

Ni abin da na sani da sunan ƙanƙara shi ne 'yan tsakuwan nan da ke faɗowa da ruwan damina muna yara muna tsinta. Wannan kuwa bango ce, mai fari da shuɗi, ta cika kwarin daga wannan dutse zuwa wancan, tsawonta ya fi rimi ashirin, bayanta ya miƙe ya yi sama har ya shige gajimare. Tana nishi, tana ƙara. Daga ƙarƙashinta kogin yake fitowa.

Sarki ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga ta nan. Amaryar Gari."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, a bayan bangon take?"

Ƙosau ya taka mini ƙafa.

Ga yadda abin yake. Kakanninsu da suka kafa garin sun ga wannan abu yana sauko musu daga dutse, taki ɗaya a shekara, a lulluɓe da fari, yana zubar da hawaye. Suka ce ba mai tafiya haka sai amarya. Suka ɗaura mata aure da Sarkinsu, in ya mutu magajinsa ya gaji auren, Tambaza shi ne miji na goma sha bakwai. A zamanin kakansa ta bi ta kan wata unguwa ta niƙe ta, mutane suka kwashe tabarminsu suka matsa, suka ce amarya ba ta laifi ko ta kashe ɗan masu gida. Da Tambaza ya hau, shi mai tausayi ne, ya zo gaishe ta ya taɓa jikinta ya ji sanyi ƙalau. Ya fashe da kuka. Ya ce shekara ɗari huɗu an bar baiwar Allah a waje ba ko bargo, ina za ta yi saurin zuwa? Nan take ya ƙirƙiro sarautar Sarkin Wuta.

Na kuwa ga aikin Sarkin Wuta. Kasko dubu na turaren wuta a jere a gabanta, hayaƙi ya turnuƙe kwarin. Mata ɗari uku suna tafasa ruwa a manyan tukwane suna kwara mata, wai wankan amarya. Masaƙa sun saƙa baƙaƙen barguna an shimfiɗa mata a baya, wasu kuma suna hawa da kwanduna suna barbaɗa mata kwalli. Tun da aka fara wannan hidima ta soma ja da baya, su kuma duk takin da ta ja sai su ƙara kasko ɗari.

Sarki ya ce, "Mai-Biko, ban san me na yi mata ba. In ta koma gidansu kogin nan ya bi ta, in kogi ya bi ta ba sauran Tsumayi. Ka dawo mini da ita."

Da ina da hankali da na ce wannan ba fannina ba ne. Amma ƙamshin naman rago na tasowa daga fada, sai na ji bakina ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Gidan iyayenta can ƙololuwar dutse ne inda ko ungulu ba ta kaiwa, don haka na ce a bayanta zan zauna. Aka ja ni da igiya aka haurar da ni. Na shimfiɗa buzu daidai wani baƙin dutse da ke jikin bangon kwarin, don yana tare mini iska. Kullum Ƙosau ya aiko da tuwon alkama da nama, ni kuma na buɗe baki.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina, haƙuri ake yi. Wane gida ne ba a saɓawa? Ko harshe da haƙori ai suna yi. Ki dubi girman iyayenki. Mutumin nan ya rame, wallahi rawaninsa har juyawa yake a kansa. In kwallin ne bai yi miki ba a sake, in turaren ne a canza."

Ta yi wata ƙara daga can ciki, na ce madalla, ta fara saukowa. Haka na yi kwana goma, na yi ashirin. Na ba ta labarin duk matan da na mayar. Na yi wa'azi, na yi zambo, na yi kukan ƙarya. Ban taɓa gamuwa da mace mai saurare irinta ba, ko sau ɗaya ba ta katse ni ba.

Ranar kwana arba'in na lura iska tana dukan ƙeyata. Na waiga, sai na ga baƙin dutsen nan da ke tare ni ya koma bayana. Na ce wane ɗan banza ne ya matsar mini da buzu? Na ɗaga gefensa, ashe ya manne da ƙanƙara tun ranar farko, ko giwa ba ta ja shi. Na ce to dutsen ne ya tashi? Dutse kuma ba ya tashi. Na zaro sandata na kafe ta daidai baƙin dutsen, na zauna na zuba mata ido, har maganar ma na daina. Kwana bakwai, sanda ta wuce dutsen da kamu guda. Kuma ba sama ta yi ba, wajen gari ta nufa.

Na tashi na zaga bayanta. Inda aka shimfiɗa baƙin bargo, wurin ya lotsa har gwiwa, ruwa na gudu a ƙarƙashi. Inda kwalli ya zuba duk ramuka ne. Inda hannunsu bai kai ba, fari fat, yana nan da ƙarfinsa. Na ƙara hawa sama inda dusar ƙanƙara ke sauka tana taruwa, sabuwa ta danne tsohuwa, nauyin ya tura ta gaba. Can ma hayaƙin turare ya kai, dusar ta yi toka-toka, rana na lasar ta. Sai na tuna 'yan tsakuwanmu na damina: wadda ka bari a inuwa takan jima, wadda ka damƙe don ƙauna ita ke fara zama ruwa.

Na zauna na yi kuka, na gaske wannan karon. Tausayinta ya kama ni, da tausayinsu, da kunyar kwana arba'in da na yi ina ba ta haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba.

Na sauko na faɗi gaban Sarki, fada ta cika. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, matarka ba ta yi yaji ba. Ko yau tana zuwa, ban taɓa ganin mace mai biyayya irinta ba. Duk takin da ta yi gaba, ku kuna cinye mata biyu da wuta. Ba komawa take yi ba, ƙarewa take yi a hanya."

Ƙosau ya miƙe ya ce, "Wato ni nake kashe ta?"

Na ce, "Kai da mata ɗari uku."

Sarki dai yana son ta da gaske. Ya ce a kashe wuta shekara guda a gani. Aka kife kasake, aka kwashe barguna, aka share kwalli. Ni kuma aka ba ni ɗaki a fada, na ci na sha har gemuna ya tofo. Da shekara ta zagayo aka je aka auna. Ba ta ja da baya ba. Ta ma ƙaro taki ɗaya, irin na zamanin kakanni.

Na ce yau za a naɗa mini rawani. Ashe ban san mutane ba.

Shekarun nan da ake gasa ta, kogi ya ninka uku. Mutane sun buɗe sababbin gonaki har bakin dutse, sun gina wuraren wanka, wasu har jirage suka sassaƙa. Da wuta ta mutu kogi ya koma yadda Allah ya yi shi: ya ishi sha, ya ishi tsofaffin gonaki, bai ishi sababbi ba. Ga masu hura wuta dubu suna zaune ba aiki, ga masaƙa, ga masu kwalli. Duk suka taru a ƙofar fada, Ƙosau a gaba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da tana kuka muna sha. Amaryar da ta daina kuka ai ta daina kunya. Baƙon nan ya bushe mata zuciya."

Na ce, "Jama'a, hawayen nan jikinta ne! In kun sha na shekara ɗari a shekara goma, jikokinku su sha me?"

Wani tsoho ya ce, "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Aka yi ta tafi.

Sarki ya ɗaga hannu. Ya dube ni ya ce, "Mai-Biko, tambaya ɗaya. In an bar ta da takinta ɗaya a shekara, yaushe za ta iso ɗakina?"

Nan ne ya kamata in yi ƙarya, ni da ƙarya ke ciyar da ni. Amma sai na ce, "Shekara ɗari uku, ranka ya daɗe, in Allah ya kai mu."

Ya juya ya dubi Ƙosau. Sannan ya ce, "A hura wuta."

Ni kuwa aka yanke cewa tunda na ɓata tsakanin miji da mata, in je in ba ta haƙuri a kunnenta. Kunnen nan wani rami ne a bayanta inda ruwa ke kwarara ciki, ba a ganin ƙarshensa. Aka kai ni baki, gari duk ya hau kallo. Amma bakina bai mutu ba.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, zan tafi. Sai dai a sana'armu, saƙon miji ba a kai shi da bakin wani. A kawo salkar ɗibar ruwa guda biyu, ka hura duk abin da ke zuciyarka a ciki, in kwance mata a kunne."

Idon Sarki ya kawo ruwa. Aka kawo salkuna na fatar bijimi. Ya hura, ya hura, har jiri ya ɗebe shi aka riƙe shi. Fadawa ma kowa ya ce a kai mata gaisuwarsa, har Ƙosau ya ƙara nasa. Salkuna suka yi tam. Aka ɗaure bakinsu, aka ɗaura mini su a hamata, na yi shahada suka tura ni.

Cikinta shuɗi ne, haske na ratsowa ta ko'ina. Ruwa ya yi ta juyi da ni a wani lungu mai santsi. Na wuce wani bunsuru a daskare yana tsaye da ciyawa a baki. Na wuce wani makaɗi da gangarsa, hannunsa a sama, ga alama tun bikin miji na uku yake nan. Na wuce unguwar nan da ta niƙe, har da tukunya a kan murhu. Ina cikin kallo sai na ji an tofo ni waje, tsakiyar kogi, na bi ta tsakanin matan da ke ɗibar ruwan wanka. Suka watsar da tuluna suna ihu wai amarya ta haihu. Soyayyar Sarki ta riƙe ni a saman ruwa kwana tara, har na fita ƙasarsu.

Na dawo Rafin Gawo na ajiye sana'a. Ko an zo da biko sai in ce a nemi wani. Amma abin bai bar ni ba, shekara ashirin da ɗaya yana cin raina, har ran nan na ce kafin in mutu sai na san yadda aka ƙare. Na cika gorata, na kama hanya.

Tun daga nesa na san amsa. Iskar da ta tare ni mai zafi ce. Gonaki sun zama fako, jirage na kife a kan yashi, kogin ya zama hanyar tsakuwa. Kwarin nan a buɗe yake har sama, dutse tsirara. Gidaje ba ƙofofi, an cire an hura.

Sai na ji guɗa.

Mutanen da suka rage ba su fi arba'in ba, duk tsofaffi, suna saukowa daga dutse a jere. Ƙosau ne a gaba, ya ranƙwafa, yana ɗauke da faifai a ka. A kan faifan ga wani dunƙule ba zai fi kabewa ba, an lulluɓe shi da baƙin mayafi, yana ɗiga. Sarki Tambaza na tsaye a ƙofar fada da sabon rawani, sanda na riƙe da shi. Ya gane ni.

Ya ce, "Mai-Biko! Ka zo a daidai. Kai ka ce shekara ɗari uku. To ga ta, yau take tarewa."

Aka shiga da ita ɗaki, aka ɗora ta a gado, aka ja mata bargo, aka tura kaskon turare ƙarƙashi. Tsofaffin mata suka yi guɗa da busasshen maƙogwaro, suka fito, Sarki ya shiga ya sakaya ƙofa. Muka zauna a inuwar bango, rana na tsaka.

Ba a kai la'asar ba ya fito. Hannayen rigarsa a jiƙe suke har gwiwar hannu. Ya tako a hankali ya zauna kusa da ni a ƙasa, ba shimfiɗa. Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

Ya ce, "Arzika, da sauran ruwa a gorarka?"

Na girgiza ta, bai fi rabi ba. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki, sai ya ɗago ido. Mutum arba'in suna zaune a gabansa, ba mai kallon fuskarsa, kowa gorar yake kallo.

Iyakar abin da na gani ke nan. Allah ya yafe mini abin da na ƙara, wanda na rage kuma ya fi yawa.